Ƙauyen Allende na Meziko, inda dutsen da ya girmi duniya ya faɗo

A arewacin ƙasar Meziko, bisa iyakarta da Amurka, akwai wata jaha mai suna Ciwawa, wadda ta fi kowace jaha ta ƙasar faɗi. Can kudancin jahar akwai wani ɗan ƙauyen manoma da ake rubuta sunansa Pueblito de Allende, mutanen wurin kuwa Ayende suke faɗi. Ba kowace taswira ke nuna shi ba. Duk da haka sunansa na cikin dubban takardun bincike a jami'o'in duniya, domin a cikin duwatsun da suka zubo masa daga sama a shekarar 1969 ne masana suka samu wasu fararen ɗigo waɗanda su ne farkon abin da ya daskare lokacin da rana ke kan haɗuwa. An auna shekarunsu, an samu miliyar 4 da miliyon 567. Daga kansu ake fara ƙidayar shekarun rana da dukan duniyoyin da ke kewaya ta, har da wadda ɗan Adam ke takawa.

HANYAR ZUWA

Mai son ganin wurin yakan sauka birnin Ciwawa, ya shiga mota ya nufi kudu. Tsakanin babban birnin jahar da garin Parral akwai wajen kilomita 220, kuma tsawon hanyar ido ba ya cin karo da kome sai fili mai faɗi, da tsaunuka can nesa, da gajerun itatuwan ƙaya, da shanu jefi-jefi a bayan shingen waya. Ƙasa ce mai ƙarancin ruwa. Daminarta gajera ce, daga Yuli zuwa Satumba, sauran shekara kuwa rani. Sai dai tudu ce, ta ɗara bakin teku da mita 1600 ko fiye, shi ya sa a watannin Janairu da Fabrairu sanyin dare kan kai har ruwa ya daskare.

Parral garin azurfa ne. A 1631 aka kafa shi bayan an gano azurfa a tudun da ke tsakiyarsa, kuma ramin haƙar da ake kira La Prieta na nan bisa garin, ya daina aiki ya zama wurin ziyara. A cikin garin ne aka harbe Pancho Villa, madugun mayaƙan juyin juya halin Meziko, ran 20 ga Yuli 1923, yana cikin motarsa. Baƙi da dama dominsa suke zuwa. Mai neman labarin dutse kuwa sai ya ɗauki hanyar gabas wadda ta nufi Jiménez, in ya yi wajen kilomita 30 ya ratse.

Nan ƙasar ke sake kama. Hanya ta gangara cikin wani kwari mai rafi, busasshen fili ya ba da wuri ga garake da inuwa. Manyan itatuwan da suka rufe kwarin ana ce musu nogal, ƴaƴansu na da ɓawo mai tauri, cikinsu kuwa maiƙo ne kamar gujiya, kuma suna cikin abin da mutanen wurin ke samun kuɗi da shi. Babban garin kwarin shi ne Valle de Allende, wanda ya girmi Parral, domin tun a rabin ƙarshe na ƙarni na 16 limaman Kirista ƴan Sipaniya suka kafa shi da sunan San Bartolomé. Da haƙar azurfa ta bunƙasa, gonakin kwarin ne suka riƙa ciyar da ma'aikatan ramuka da alkama da masara da nama. Garin kuma zango ne bisa tsohuwar hanyar fatake da ake kira Camino Real, mai tsawon sama da kilomita 2500, daga birnin Meziko har Santa Fe a cikin Amurka ta yau. Ayarin alfadarai da amalanke sukan gangara kudu da azurfa, su hauro da tufafi da kayan ƙarfe. A 2010 hukumar UNESCO ta sa hanyar cikin jerin kayan tarihin duniya, tare da garin. Sunan Allende kuwa bayan samun mulkin kai aka ba shi, domin tunawa da Ignacio Allende, sojan da ya yi wa Turawan Sipaniya tawaye suka harbe shi a Ciwawa a 1811.

Yankin ya daɗe da sanin abin da ke faɗowa daga sama. Tun zamanin fatake an san wasu manyan curin ƙarfe da ke yashe a dajinsa. Ɗaya mai suna Morito ya kai ton 10, babban gutsuren wanda ake kira Chupaderos ya kai ton 14. A 1893 aka kwashe su zuwa birnin Meziko, aka girke su a zauren tsohuwar makarantar haƙar ma'adinai, inda mai wucewa ke iya taɓa su da hannu. Babu wanda ya ga faɗowarsu. Na 1969 kuwa dubban idanu suka shaida.

DAREN 8 GA FABRAIRU 1969

Da ƙarfe 1 da minti 5 na dare, mutane na barci, wata wuta ta keto sararin sama daga kudu maso yamma, ta haske ƙasa kamar tsakar rana, sa'an nan ƙara ta biyo baya irin ta tsawa. Dutse ne da aka kimanta girmansa da na ƙaramar mota, yana gudun da ya zarce kilomita 15 a daƙiƙa guda. Iska ta tare shi, ya tarwatse tun yana sama, dubban gutsattsari suka watsu bisa wani fili mai tsawon kilomita 50 da faɗin kilomita 8. Ƙanana suka riga faɗuwa, manya suka zarce gaba zuwa arewa maso gabas saboda nauyinsu. Ɗaya daga cikin na farko da aka tsinta dab da wani gida ya sauka a Pueblito de Allende, kuma da yake al'adar masana ce su raɗa wa dutsen sama sunan wurin da aka same shi, sai ƙauyen ya ba shi sunansa. Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo, in ji masu iya magana. Wanga jifa ya yi shekaru aru-aru yana shawagi kafin ya cika maganar.

Kada mai karatu ya gama shi da gatarin aradu da ake tsinta a gonaki, wanda mutanen da suka sassaƙa da hannunsu. Dutsen sama ɓaraguzai ne na wasu ƙananan duniyoyi, akasarinsu masu yawo tsakanin Mars da Jupita, waɗanda kan yi karo da juna su farfashe, wani gutsure ya ɓata hanya ya faɗo nan.

An yi dace iri biyu. Na farko shi ne wurin: fili ne mai ƙarancin ciyawa, baƙin dutse mai ƙonannen baya ba ya ɓoyuwa a cikinsa. Manoma da makiyaya da yara suka bazu suna tsinta, masana da ƴan kasuwa suna saye. Abin da aka tara ya zarce ton 2, daga mai giram guda har mai kilo 110. Na biyu shi ne lokacin. A shekarar ce Amurka ke shirin kai mutum bisa wata, an riga an gina ɗakunan bincike masu tsabta, an sayi sabbin na'urori, an zauna jiran duwatsun da kumbon Apollo 11 zai kawo a watan Yuli. Wani masanin duwatsu na hukumar NASA mai suna Elbert King ya taso daga Hustan ya iso Parral cikin gaggawa, kafin kwana biyar da faɗowar har an fara auna dutsen a ɗakin da aka tanada domin na wata. Brian Mason da Roy Clarke na cibiyar Smithsonian ta Washinton su ma suka iso, suka tara da yawa, suka zana taswirar inda kowane ya faɗi, suka rarraba wa masana na ƙasashe dabam-dabam. Apollo 11 ya komo da kilo 21 da rabi, ana rabonsa da awo kamar zinariya. Na Allende kuwa ya ninka shi kusan sau ɗari, kowa na iya yanka da niƙa da narkarwa ba tare da fargabar ƙarewa ba.

ABIN DA KE CIKIN DUTSEN

In aka fasa shi, cikinsa toka-toka ne mai duhu. A warwatse cikinsa akwai ƴan dunƙulallun tsakuwa kamar ƙwayar hatsi, akwai kuma fararen ɗigo marasa siffa ɗaya, daga wanda bai kai kan allura ba har mai girman ƙwallon goro. Fararen ɗigon nan cike suke da kalsiyom, wato abin da ke cikin alli da ƙashi, da kuma alminiyom, wato sanholon da ake tukwane da shi. A taƙaice masana na rubuta sunansu CAI. Wata masaniya a Paris, Mireille Christophe Michel-Lévy, ta riga ta bayyana irinsu a 1968 cikin wani dutse da ya faɗo Vigarano ta Italiya a 1910, amma Allende ne ya kawo su da yawa, manya-manya.

Me ya sa aka damu da su? Duwatsun wannan duniya ba sa iya faɗin ranar farko. Maƙerin fari in ya narkar da tsofaffin sanholo ya zuba sabuwar tukunya, shekarun tukunyar dabam, na ƙarfen dabam. Haka duniya ta narke a farkonta, kuma har yau aman wuta da ruwa da iska na sake fasalinta. Ƙwayar ma'adini mafi tsufa da aka samu a cikinta, a tsaunukan Jack Hills na Ostareliya, shekararta miliyar 4 da miliyon 400 da ƴan kai, wato akwai giɓin sama da shekara miliyon 150 da ya shafe. Uwar dutsen Allende kuwa ba ta narke ta gauraya ba. Kayan da suka taru suka haɗa ta na nan kusan yadda suka zo.

A 1970 Ursula Marvin da John Wood da John Dickey suka kawo shawarar cewa fararen ɗigon su ne abin da ya fara daskarewa daga tururin da rana ta fito cikinsa. A 1972 Lawrence Grossman ya yi lissafin abin da zai faru in tururi mai haɗi irin na rana ya fara hucewa daga matsanancin zafi. Kamar yadda kitse ke riga man gujiya daskarewa in sanyi ya shigo, haka kowane ma'adini ke da lokacinsa. Lissafin ya nuna masu kalsiyom da alminiyom ne ke fara zama tsakuwa, tun zafi na sama da digiri 1000, ƙarfe da sauran duwatsu suna tururi tukuna. Da aka gwada jerin lissafin da ma'adinan da ke cikin fararen ɗigon Allende, sai suka dace. Saura a san yaushe.

YADDA AKE ƘIDAYAR

Kowane abu an gina shi da ƙwayoyin zarra. Sau da yawa ƙwayoyin abu ɗaya sukan zo da nauyi dabam-dabam, kamar ƴaƴan gida ɗaya masu suna ɗaya da hali ɗaya, wani ya fi wani jiki. Irin waɗannan ƴan uwa ake kira izotop, ana bambanta su da lambar nauyinsu. Uraniyom, wanda aka fara haƙa a Arlit a 1971, yana da manya biyu: 238 da 235. Cikin kowace ƙwaya 1000 da ke fitowa daga rami, wajen 7 ne kaɗai 235, kuma su ne tashoshin lantarki na nukiliya ke ƙonawa.

Uraniyom ba ya zama yadda yake har abada. Sannu a hankali yana rikiɗa, ƙarshensa ya koma darma: 238 ya zama darma 206, shi kuwa 235 ya zama darma 207. Zafi ko sanyi ko nauyin dutse ba sa ƙara masa sauri, ba sa rage masa. A ɗauka wani ya ci bashin jika 16, aka yi yarjejeniya duk wa'adi zai biya rabin abin da ya saura. Wa'adin farko ya kawo 8, na biyu 4, na uku 2. Baƙon da ya tarar da jika 14 cikin akwati, da jika 2 a rubuce ga littafi, ba ya bukatar a gaya masa wa'adi uku suka wuce. Uraniyom shi ne mai biya, darma ita ce kuɗin da ke cikin akwati. Wa'adin rabi na 238 shekara miliyar 4 da miliyon 468 ne, na 235 kuwa shekara miliyon 704.

Masu bashin biyu ne ke nan, ɗaya mai nawa, ɗaya mai hanzari, suna zuba wa akwati ɗaya kuɗi iri biyu. Tun farkon rana zuwa yau mai nawa wa'adi ɗaya ya cika da ɗan ɗoriya, mai hanzari kuwa ya cika shida da rabi. Shi ya sa 235 ya yi ƙaranci yanzu, alhali a farko kusan kashi ɗaya cikin huɗu na uraniyom shi ne. Amfanin samun su biyu shi ne ba sai an san yawan uraniyom ɗin da ke cikin dutse daidai ba. Ya isa a gwada darmar nan biyu da juna, domin kowane zamani na da nasa rabon. A cikin fararen ɗigon Allende, kowace darma 206 guda 8 da uraniyom ya haifa na tare da darma 207 wajen guda 5, kuma wannan rabo ba ya fitowa sai ga abin da ya shekara miliyar 4 da rabi da ɗoriya.

Fararen ɗigon na da wata falala. Uraniyom na cikin abubuwan da ke jure zafi, ya shiga cikinsu tun suna daskarewa. Darma kuwa mai saurin zama tururi ce, a zafin nan ba ta zauna ba. Wato an buɗe littafin a farar takarda, ba tsohon bashi, kusan duk darmar da ke ciki daga baya uraniyom ya biya ta.

Aikin awon da wuya. Ana ciro farin ɗigon, a farfasa shi, a wanke shi cikin ruwan asid sau da yawa domin fitar da darmar da ta shiga daga waje, sa'an nan a narkar da shi kaɗan-kaɗan, a ware darmar, a ɗiga ta bisa wani siririn ƙarfe a zafafa. Ƙwayoyin na tashi su ratsa gaban maganaɗisu, marasa nauyi su fi karkata, masu nauyi su fi miƙewa, na'ura na ƙidaya kowane rukuni. Darmar da ake aunawa ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyon na giram ba, don haka ƙurar ɗaki kaɗai na iya ɓata aikin. Clair Patterson na Amurka, wanda a 1956 ya fara ba da shekarun duniya miliyar 4 da miliyon 550 ta hanyar darmar duwatsun sama, da wannan matsala ya yi ta fama, har ya gano cewa darmar da ake zubawa cikin man mota ta gurɓata iska da teku da jinin mutane. Ya yi shekaru yana yaƙi da ita. Sai a 2021 ƙasa ta ƙarshe, Aljeriya, ta daina sayar da irin wannan mai.

TOKAR WUTAR DA TA MUTU

Akwai agogo na biyu, shi ma a Allende aka gano shi. A 1976, a jami'ar Caltech ta Kaliforniya, Typhoon Lee da Dimitri Papanastassiou da Gerald Wasserburg suka tarar da rarar magneziyom 26 cikin wani farin ɗigo, kuma duk ma'adinin da ya fi alminiyom ya fi rarar. Bayanin ɗaya ne: a da akwai alminiyom 26 a wurin, ya rikiɗa ya zama magneziyom 26. Wa'adin rabinsa gajere ne, wajen shekara dubu 717, cikin shekara miliyon 10 ya kusa ƙarewa ƙaf. Na farkon rana ya ƙare tuntuni, tokarsa ce ta saura, kamar yadda matafiyi kan iske toka a zango ya san ayari ya kwana nan. Sun lissafa cewa lokacin da ɗigon ya daskare, cikin kowace ƙwayar alminiyom dubu 100 wajen 5 irin mai mutuwa ne.

Wannan agogo ba ya faɗin shekara nawa ke nan, amma yana faɗin wa ya riga wa, da tazarar da ke tsakani. Abin da ya daskare bayan wa'adi ɗaya rabin tokar zai samu, bayan biyu rubu'i. Ya kuma nuna cewa wani tauraro ya ƙera alminiyom ɗin ba da daɗewa ba kafin haihuwar rana, in ba haka ba da ya ƙare a hanya. Sa'an nan rikiɗarsa na fitar da zafi. Ƙananan duniyoyin da suka haɗu da wuri, tun wutar na ci, sun narke, ƙarfensu ya nutse tsakiya. Morito da Chupaderos, curin ƙarfen da fatake suka sani, gutsattsarin irin wannan tsakiya ne. Uwar Allende ta makara, ta haɗu bayan shekara miliyon biyu ko uku, lokacin wutar ta yi sanyi, shi ya sa kayanta suka tsira. Daji ɗaya na Ciwawa ya karɓi shaidu biyu, wanda ya narke da wanda bai narke ba.

GARDAMAR TIYA

Awon darma na farko a Allende, cikin shekarun 1970 da farkon 1980, ya ba da wajen miliyar 4 da miliyon 560. A Paris, Gérard Manhès da Christa Göpel da Claude Allègre, wanda daga baya ya zama ministan ilmi na Faransa daga 1997 zuwa 2000, suka samu miliyon 566 a bisa miliyar huɗun. A 2002 Yuri Amelin da abokan aikinsa suka auna fararen ɗigon wani dutse mai suna Efremovka, ɗan uwan Allende da aka tsinta a Kazakistan a 1962, suka samu miliyon 567 da dubu 200.

Sai a 2010 wata magana ta ɓullo. Duk lissafin nan an gina shi bisa zaton cewa rabon uraniyom 238 da 235 iri ɗaya ne ko'ina, wajen 138 ga kowane guda. Gregory Brennecka da abokansa a jami'ar jahar Arizona suka auna shi cikin fararen ɗigon Allende, suka tarar yana ɗan sauyawa daga wani zuwa wani. Ashe tiyar da kowa ya yarda da ita ba ɗaya ba ce a kowace kasuwa. Bambancin ƙanƙane ne, amma ya isa ya karkatar da lissafi da shekara miliyon ɗaya zuwa biyar. Daga ranar ya zama tilas duk mai auna darma ya auna uraniyom na ɗigon da yake aiki da shi.

Da sabuwar ƙa'ida Amelin ya sake auna wani ɗigo na Allende a 2010, ya samu miliyar 4 da miliyon 567 da dubu 180. A 2012, a Kopenhag ta Danmak, James Connelly da Martin Bizzarro da abokansu suka gama wannan da na Efremovka, suka tsaya bisa miliyar 4 da miliyon 567 da dubu 300, da kuskuren da bai wuce shekara dubu 160 gaba ko baya ba. Wannan daidai yake da a faɗi shekarun dattijo mai shekara 70 ba a kuskure da fiye da kwana ɗaya ba. Sun kuma nuna cewa dunƙulallun tsakuwar nan masu kama da hatsi sun ci gaba da samuwa har wajen shekara miliyon uku bayan fararen ɗigon. Gardama ba ta mutu ba: Audrey Bouvier da Meenakshi Wadhwa sun samu miliyon 568 da dubu 200 a 2010 cikin wani dutse dabam, kuma akwai masu ganin agogon alminiyom ya fi dacewa da lamba irin tasu. Tazarar da ake ja-in-ja a kanta, a shekarun dattijon nan, kwana biyar ce ko shida.

Cikin Allende akwai ma abin da ya girmi fararen ɗigon. A 1987 masana a Shikago suka ware wata ƙurar lu'ulu'u da ido ba ya gani, wadda ta fito daga taurarin da suka mutu kafin rana. Amma wannan baƙuwa ce da ta shigo gidan. Fararen ɗigon su ne ƴaƴan fari da aka haifa cikinsa.

DUTSE MAI ADIRESHI DA MARAS ADIRESHI

Dutsen da Bouvier da Wadhwa suka auna ba shi da sunan gari. Sunansa NWA 2364, haruffan kuwa na nufin arewa maso yammacin Afirka. Haka ake yi wa dubban duwatsun da ake tsinta cikin Sahara tun ƙarshen shekarun 1990, su bi hannun dillalai har kasuwannin kudancin Maroko, ba wanda ya rubuta inda aka ɗauke su. Hamada na adana dutsen sama shekaru dubbai saboda rashin ruwa, kuma baƙi bisa farin rairayi ba ya ɓata. Wasu daga cikin duwatsun nan daga Nijar suka fito. Akwai masu adireshi, kamar wanda ya faɗo Tazerzait a jahar Tawa ran 21 ga Agusta 1991, mai kilo 110, ko na Zagami a ƙasar Katsina, wanda ya faɗo a 1962 aka gano daga Mars yake. Akwai kuma NWA 16788, shi ma ɗan Mars, mai kusan kilo 25, da aka tsinta a jahar Agadas a Nuwamba 2023, aka yi gwanjonsa a New York a Yuli 2025 kan dalar Amurka miliyon 5 da dubu 300, wato kusan miliyar 3 na sefa. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita, ta kuma dakatar da fitar da duwatsun sama a Agustan shekarar.

Ɗan kasuwa zai dubi kuɗin, kuma yana da gaskiya. Ma'aikacin hukuma zai dubi takardar fita, shi ma yana da tasa. Abin da ya ɗaukaka Allende bisa sauran duwatsu shi ne an san dare da sa'ar da ya faɗo, an zana filin, an kwashe shi kafin ruwan sama da ƙura su shige shi, an kuma ajiye rabo mai yawa a gidajen tarihi inda mai bincike ke iya roƙa a ba shi. Shi ya sa aka iya komawa kansa a 2010, shekara 41 bayan faɗowarsa, da tambayar da ba wanda ya yi tunaninta a 1969. Dutsen da aka farfasa domin a sayar da shi giram-giram, aka wanke shi da ruwan rijiya, aka manta inda aka tsince shi, ya rasa wani abu da ba a iya mayar masa.

A kwarin Allende, in kaka ta yi ana kaɗe ƴaƴan nogal, ana ban ruwa daga rafi kamar yadda aka saba tun zamanin fatake. Baƙon da ya tsaya bakin hanyar Jiménez ya dubi filin ba zai ga rami ko wata alama ba, domin duwatsun sun sauka ne bayan iska ta karya gudunsu. Jefi-jefi mai sa'a kan tsinci wani ɗan gutsure da ya tsere wa masu nema, bayansa ya koɗe, amma in an fasa shi fararen ɗigon na nan cikinsa.